Laftof huɗu, aljihu ɗaya: yadda muka zaɓa wa ƙanena ta buga gem

A watan Satumba na 2024 ƙanena ya turo mini hotunan laftof guda huɗu a waya. Ƙarƙashinsu ya rubuta: "Yaya, ta farkon nake so, amma dai ka duba mini." Duk wanda ya ce ka duba masa bayan ya riga ya faɗi wadda yake so, sa hannu kawai yake jira. Ban sa masa ba. Abin da ya biyo baya ya ɗauke mu wajen wata biyu, har muka ɗan sami saɓani a tsakiya. Na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki, har da wurin da ni kaina na yi kuskure, domin tarkon da ya kusa kama shi a buɗe yake ga duk mai shiga wannan kasuwa da kuɗi ƙirgagge.

Wane ne mai saye, me yake nema

Ɗalibi ne, ya fi shekara yana tara kuɗin. Abin da ya tara shi ne iyaka, babu wata ajiya a gefe da za a taɓa idan an yi asara. Tsohuwar laftof ɗinsa ba ta da katin hoto na musamman, wato sashen da ke zana hotunan gem, sai ɗan wanda ke haɗe a cikin furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ya sa duk gem ɗin da ya fi ƙarfin kati da dara sai dai ya kalla a hannun wasu.

Kafin in sake kallon hotunan na ce ya rubuto mini sunayen wasannin da zai buga da gaske, ban da waɗanda yake jin sunansu kawai. Ya kawo EA Sports FC, Valorant da Counter-Strike 2, waɗannan su ne na yau da kullum da abokai. Sai kuma na buri: Cyberpunk 2077, Elden Ring da Red Dead Redemption 2. A ƙarshe, kamar abin da ya tuna daga baya, ya ƙara da cewa yana ɗan haɗa bidiyo da DaVinci Resolve. Wannan layi na ƙarshe na karanta shi na wuce. Zan dawo kansa.

Na gwada jan hankalinsa zuwa kwamfutar tebur, tunda da kuɗi iri ɗaya ta fi ƙarfi, ta fi sanyi, kuma ana iya canza mata kowane sashe. Bai ɗauki lokaci ba ya rufe maganar: dole ya riƙa shiga aji da ita. Shi ke nan, laftof ce, kuma ana so ta kai shekara huɗu ba ta zama abin tausayi ba.

Ga abin da ke cikin hotunan. Ta farko siririya ce mai jikin ƙarfe, da tambarin furosesar Core i7 a goshinta, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) giga 16, SSD (inda ake adana fayiloli da gem) tera 1, sikirin mai kyawun launi, katin hoto kuma RTX 3050 mai giga 4. Kuɗinta ya cinye kusan duk abin da ke hannunsa. Ta biyu ita ma siririya ce, amma tana ɗauke da RTX 4060, ita ce ma mafi araha a cikin masu wannan suna. Ta uku ƙatuwa ce ta roba, mai kauri da manyan ramukan iska, Core i5, RTX 4060, RAM giga 8 kacal, SSD giga 512, kuma kuɗinta ya ɗara nasa da kaɗan. Ta huɗu ta hannu ce, ƙirar 2021, Ryzen 7 da RTX 3060, babu garanti, kuɗinta bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da ya tara ba.

Ma'aunin da na yi aiki da shi guda ɗaya ne, na kuma faɗa masa tun farko. A laftof akwai abin da za ka iya ƙarawa gobe da sukundireba, akwai abin da yadda ka saye shi haka za ku rabu. RAM, idan ba a liƙe take ba, da SSD suna cikin na farko. Katin hoto da ma'ajiyarsa, ƙarfin wutar da aka ba shi, tsarin sanyaya ciki da sikirin suna cikin na biyu. Mai ƙaramin kuɗi ya zuba shi a kan na biyu, ya yi haƙuri da na farko.

Ta farko: i7 ɗin da ya ɗauke masa hankali

Hujjarsa a kan ta farko ba ta wuce kalma ɗaya ba: "Yaya, i7 ce fa." Masu haɗa waɗannan na'urori sun san haka sarai. Sun san lambar furosesa ce mutane suka haddace, sai su sa babbar furosesa su haɗa ta da ƙaramin katin hoto, su manna tambarin a inda ido zai fara sauka.

Furosesar da ke cikinta Core i7-13620H ce, mai ƙwaya 10, shida manya huɗu ƙanana. Ta laftof ta uku kuwa Core i5-13420H ce, mai ƙwaya 8, huɗu manya huɗu ƙanana. Bambancin gaskiya ne, zai fito fili wajen fitar da bidiyo ko haɗa manyan manhajoji. Amma a yawancin manyan wasanni katin hoto ne ke fara gajiya, furosesa tana zaune tana jiransa ya gama zana hoton da ke gabansa. Ka ƙara mata ƙwaya biyu, jiran ne dai zai ci gaba. Wasanni irin Valorant da Counter-Strike 2 sun fi jingina da furosesa, na yarda, sai dai i5 mai harafin H ta ishe su cika sikirin mai haz 144, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa.

Harafin nan na ƙarshen lamba ya fi 5 ko 7 ɗin da ke gaba muhimmanci. U na nufin furosesar da aka ƙera don tattalin batir, H da HX na masu aiki mai nauyi ne. A ɓangaren AMD, kamfanin da ke ƙera furosesar Ryzen, ma akwai nasu ruɗanin: a jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke faɗin shekarun ƙirar. Ryzen 5 7640HS ƙirar Zen 4 ce, 7535HS Zen 3+ ce, 7520U kuwa Zen 2 ce, tsohuwar ƙira da aka sa wa sabon suna. Duka ukun da 7 suka fara.

Abin da ya kashe ta farko a wurina shi ne katinta. RTX 3050 mai giga 4 ya fito ne tun 2021, yana da ƙwayoyin lissafi 2048. Giga huɗun nan su ne ma'ajiyar da katin ke jibge duk abin da yake zanawa: fatar bango, tufafin mutane, inuwa, haske. Idan ta cika, ragowar sai an riƙa ɗebo su daga RAM ta wata hanya mai jinkiri, a nan ne gem ke fara cijewa, ko ka ga bango ya zama kamar an shafe shi da ruwa kafin zanensa ya iso. Na tura masa shafin buƙatun Cyberpunk 2077. Tun bayan babban gyaran da aka yi wa gem ɗin a Satumba 2023, mafi ƙarancin katin da suka rubuta mai giga 6 ne. Wato zai kashe duk ajiyarsa a kan na'urar da ma'ajiyarta ba ta kai matakin ƙasa na wasan da ya fi ɗoki ba. Ga kuma RAM ɗinta a liƙe da babban allon ciki, babu gurbin ƙari. Ya yi shiru kwana biyu bai turo komai ba.

Ta biyu da ta uku: suna ɗaya, ƙarfi daban

Da ya dawo, ya dawo ne da ta biyu. Ya ce tunda katin hoto ne magana, ga RTX 4060 nan, ga RAM giga 16, ga canji ma zai rage. A takarda ba shi da laifi. A nan ne muka fi daɗewa, domin wannan ne ɓangaren da talla ba ta son a taɓa.

RTX 4060 na laftof ya fito a farkon 2023. Ƙwayoyinsa 3072, ma'ajiyarsa giga 8, haka yake a kowace laftof. Abin da ya bambanta shi ne wutar da aka yarje masa ya sha. Nvidia, mai ƙera katunan RTX, ta bar wa kamfanonin laftof zaɓi daga wat 35 zuwa wat 115, da ƙarin da zai iya kai wat 25 wanda katin ke arowa daga furosesa idan ba ta buƙata. Shi ya sa za ka ga wasu sun rubuta 140. Kamfanin da ke son jiki siriri da fanka ƙarama da caja mara nauyi sai ya ɗaure katin a ƙasa, don zafin da jikin zai iya fitarwa ke nan. Doki ɗaya ne, amma an ja wa wani linzami.

Tun farkon 2021 Nvidia ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana wannan adadi a shafin kowace laftof. Matsalar ita ce masu sayarwa ba su cika kwafo shi cikin tallarsu ba, sunan katin kawai suke rubutawa da manyan baƙaƙe. Muka ɗauki cikakkiyar lambar ƙirar kowacce muka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ta biyu wat 45. Ta uku ta haura wat 100. Ko da ba a sami shafin ba, caja kan tona asiri: ta biyu cajarta wat 120 ce, ta uku 170. Na'urar da gaba ɗayanta, da furosesa da sikirin da komai, za ta rayu a kan wat 120, ka san ba ta bai wa katin hoto wani abin kirki ba.

Ban ce ta biyu ba ta aiki ba. Tana buga gem, giga takwas ɗinta ma suna nan daram. Sai dai an biya kuɗin 4060 an karɓi ƙarfin da RTX 4050 da aka sakar wa wuta kan iya kamowa a wasanni da dama. Kuma siririn jiki yana da wani haraji na ɓoye: ƙaramar fanka dole ta yi gudu sosai kafin ta fitar da zafi, ƙararta ta fi tsini, furosesa ma tana saurin kai wa iyakar zafinta ta rage gudu da kanta.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai saye ya sani don kada ya faɗa ɗaya ramin. Wannan kati ba ya ƙara wani ƙarfin a-zo-a-gani bayan ya wuce wajen wat 100. Tsakanin 45 da 100 akwai tazara mai faɗi, tsakanin 105 da 140 kuwa kusan babu. Don haka ƙarin kuɗi saboda an rubuta 140 ɓarna ce ga mai lissafin aljihu.

Ta huɗu: wadda ni na so

In faɗi gaskiya, da ni zan saya wa kaina, da ta hannun na ɗauka. RTX 3060 na laftof kati ne mai nagarta, ƙwayoyi 3840, hanyar ma'ajiyarsa mai faɗin bit 192, kuma wannan an sakar masa wat 130. Sikirinta ya fi na ta biyu da ta uku, bai dai kai na ta farko ba. Ga rarar kuɗi.

Mai ita ya bari muka gwada ta, wanda hakan kansa alama ce mai kyau. Muka fitar da rahoton batir da umarnin powercfg /batteryreport, ya nuna batirin ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da yake ɗauka da farko. Manhajar CrystalDiskInfo ta ce SSD lafiya lau. Muka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin na'ura, muka bar gem yana gudana rabin awa. Furosesa ta manne a saman zafinta, fankar hagu kuma tana wata 'yar ƙara kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Duk waɗannan masu gyaruwa ne: sabon batir, sabuwar fanka, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla a sa sabo. Ni zan iya yi a yammaci ɗaya.

Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne katin hoton kansa. A laftof a liƙe yake da babban allo, idan ya mutu allon gaba ɗaya ake canzawa, kuɗin kuma kan kusanci na wata laftof ɗin. Na'urar da ta yi shekara uku tana zafi tana hucewa, ba wanda zai rantse maka a kan shekarunta na gaba. Wanda ke da wata kwamfuta a gefe zai iya wannan kasada. Wanda ya zuba tarin shekara guda, babu garanti, babu madadin, bai kamata a tura shi ba. Ga kuma ma'ajiyar katin giga 6 ce, ga rashin fasahar ƙirƙiro hotuna ta DLSS 3 da a lokacin Nvidia ta keɓe wa jerin RTX 40. Muka yi wa mai ita godiya muka bar ta.

Tunda na ambaci DLSS, bari in ɗan tsaya. Asalin dabarar ita ce katin ya zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi da lissafi har ya cika sikirin, wannan kowane katin RTX yana yi, kuma shi ne babban abokin mai ƙaramin kati. DLSS 3 kuwa ya ƙara da cusa ƙirƙirarren hoto tsakanin hotuna biyu na gaske don motsi ya yi santsi. Yana da daɗi a gem irin Cyberpunk, amma yana cin ma'ajiyar katin, kuma ba ya sa hannunka ya fi saurin isa ga abin da ke faruwa. A wasan harbi na gasa ba wanda ke kunna shi. Kada adadin da aka samu da shi a talla ya ruɗi mutum.

Shawarar da aka yanke

Saura ta uku, ga shi kuɗi bai kai ba. Sai wata mafita ta ɓullo: irin wannan jiki dai, irin wannan furosesa, amma da RTX 4050, RAM giga 16, kuma cikin kuɗinsa har da ragowar sayen maus da abin sawa a kunne. Wannan ce ta fi ba ni wahala, domin zaɓi ne na hankali. RTX 4050 yana da ƙwayoyi 2560, giga 6, hanya mai faɗin bit 96. Duk wasanninsa na yau da kullum zai buga su ba tare da gumi ba. Da ya ce mini FC da Valorant kawai yake so, da a ranar an gama ciniki.

Amma shekara huɗu ake magana, kuma giga biyun da ke tsakanin 6 da 8 ba a sayar da su daban. Na ce masa ra'ayina: ya jira, ya cika kuɗin, ya ɗauki mai 4060, ya haƙura da maus da abin kunne, RAM kuma a ƙara daga baya.

Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, RAM giga takwas a wannan zamanin? Elden Ring ma sha biyu yake nema." Gaskiyarsa, haka aka rubuta a buƙatun gem ɗin, Cyberpunk ma haka. Na ce masa na sani, wata ɗaya ko biyu zai sha wahala, amma wahala ce mai ranar ƙarewa. Kafin mu tsayar da magana sai da muka nemo bidiyon da aka buɗe cikin wannan ƙirar, muka ga da idonmu akwai gurbin RAM biyu, ɗaya a cike ɗaya fanko, akwai kuma gurbin SSD na biyu. Muka karanta sharuɗɗan garanti don tabbatar da cewa buɗe murfin ƙasa don ƙarin RAM ba zai soke shi ba, tunda kamfanoni sun sha bamban a kan wannan. Ya jira mako shida. Ya saya.

A ranar da ta iso, kafin a sa mata ko gem ɗaya, na sa ya yi abubuwa kaɗan tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Ya cika sikirin da fari, da baƙi, da ja, yana neman mataccen ɗigo. Ya shiga bayanan na'ura a manhajar Nvidia ya ga adadin wat ɗin katin ya yi daidai da abin da aka yi alkawari. Ya danna kowane maɓalli, ya gwada kowace kafa. Komai lafiya.

Abin da ya faru bayan saye

Makonnin farko sun yi yadda na faɗa, har ma sun ɗan fi. Valorant da FC suna tafiya, amma manyan wasannin suna tsaitsayawa, musamman idan ya manta burauza a buɗe. Saƙonsa gajere ne: "Yaya, anya kuwa?" Matsalar kashi biyu ce. Giga 8 ba su isa ba, Windows kaɗai tana riƙe da kaso mai tsoka. Sannan sanda ɗaya na RAM na nufin furosesa tana ɗebo bayanai ta rabin faɗin hanyar da take da ita. Sai an cike gurbi na biyu hanyar ke buɗewa gaba ɗaya. Bayan wata guda ya sayo sanda na biyu, irin na ciki, girma ɗaya, sauri ɗaya. Aikin bai kai minti ashirin ba, mafi wahalarsa ɓalle murfin roba ba tare da karya haƙoransa ba. Cijewar ta tafi. Bai ce na yi gaskiya ba, hoton gem kawai ya turo, na gane.

SSD ta cika da wuri fiye da zatonsa. Abin da aka rubuta giga 512, Windows tana nuna shi wajen 476 saboda bambancin ƙirga. Red Dead Redemption 2 yana neman 150, FC 100, Cyberpunk 70, Elden Ring 60. Ka haɗa, 380 ke nan, ba a sa Windows da fayilolin bidiyo ba. Ya yi ta goge wannan don sa wancan har ya sami ƙara ta biyu mai tera 1. Wannan ma yana cikin lissafi tun farko.

Wanda ba ya cikin lissafinsa shi ne rayuwa da irin wannan na'ura a aji. Ta haura kilo biyu, cajarta ma kaya ce. Akwai ranar da batir ya mutu masa kafin awa biyu yana rubutu kawai, ya kira ni hankali a tashe. Ashe ya bar ta a yanayin da sikirin ke karɓar hoto kai tsaye daga babban katin. Laftof ɗin tana da wannan makunni: a gefe ɗaya hoto na bi ta ƙaramin katin cikin furosesa, babban yana barci sai an buƙace shi, batir ya daɗe, a ɗaya gefen babban katin ne ke riƙe da sikirin koyaushe, gem ya ɗan ƙara sauri, batir ya zube. Yanzu ya saba, yana juyawa kafin ya fita. Ya kuma koyi cewa ba a buga babban gem a kan batir, domin batirin ba zai iya ba katin wat ɗari ba, na'urar da kanta take rage masa ƙarfi. Yana ɗaga bayanta da ɗan abu don iska ta shiga, ba ya ɗora ta a kan katifa, ya kuma tsayar da caji a kashi 80 idan za ta wuni a jone.

Inda na yi kuskure

Sikirin. Ni da bakina na sa shi cikin abubuwan da ba a canzawa, sannan da aka zo yanke shawara na kau da kai, saboda hankalina ya tafi ga wat da giga. An rubuta haz 144, wannan ya burge ƙanena, ni kuma na ga inda aka rubuta kashi 45 na NTSC na yi kamar ban gani ba. Ma'anar wannan adadi ita ce sikirin ba ya nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan sRGB, ma'aunin da hotunan intanet da yawancin wasanni ke bi. Ja yana fitowa kamar ya sha rana, kore ya koɗe. Haskensa ma wajen nit 250 ne (nit shi ne ma'aunin hasken sikirin), kusa da taga sai an ƙanƙance ido. Kuma haz 144 ɗin bai cika amfaninsa ba, domin ɗigogin ba su da saurin sauya launi, abu mai gudu yana barin 'yar inuwa a bayansa.

A gem mutum yana sabawa. A haɗa bidiyo ba a sabawa. Yana ganin launi ya koɗe sai ya ƙara masa ƙarfi har ya yi masa daidai a ido, idan ya tura wa mutane a waya sai fuskoki su fito jajir. Ya ɓata ayyuka biyu kafin ya gano daga ina matsalar take. Layin nan da ya rubuta a ƙarshe, na DaVinci Resolve, wanda na karanta na wuce, shi ne ya kamata ya sa in tambaye shi sau nawa yake wannan aiki a mako. Da na tambaya, wataƙila da mun nemi wata ƙirar mai cikakken sRGB ko da jiran zai ƙaru da wata guda. Ban tambaya ba.

Zaɓin katin hoto mai giga 8 kuwa bai daɗe ba ya nuna kansa. A Disamba 2024 Indiana Jones and the Great Circle ya fito, mafi ƙarancin katin da ya nema mai giga 8 ne kuma mai iya lissafin haske na zamani. A Mayu 2025 Doom: The Dark Ages ya zo da irin wannan sharaɗi. Da jerin RTX 50 na laftof ya shigo a 2025, hatta ƙaramin cikinsu, 5050, da giga 8 ya zo. Sai dai kada a ɗauka ƙanena yana cikin yalwa: abin da muka saya a matsayin kariya ya zama matakin ƙasa cikin 'yan watanni, kuma a sababbin wasanni dole yake sauke ingancin zanen jikin abubuwa mataki ɗaya ko biyu.

Maganin sikirin da muka tsaya a kai shi ne ya sayi na tebur ya riƙa jonawa ta HDMI idan yana ɗaki. A ƙirarsa wannan kafa da babban katin take haɗe kai tsaye, don haka babu asarar sauri. A nan ma mun rabu. Shi yana son mai ɗigo 2560 a 1440, don ya fi kaifi wajen aikin bidiyo. Ni na ce 1920 a 1080 mai cikakken launi, domin na farkon ɗigo miliyan 3.7 ne, na biyun miliyan 2.1, ƙarin kusan kashi 78 cikin ɗari da katin zai riƙa zanawa a kowane hoto da waɗannan giga takwas ɗin. Ya ce zai kunna DLSS a gem, ya more kaifin a wajen aiki. Wannan karon na fara da tambayarsa awa nawa yake yi a bidiyo, awa nawa a gem. Ya ce bidiyon ya fara rinjaye. Na ce to ya ɗauki mai 1440 ɗin, amma ya turo mini lambar ƙirar kafin ya biya.